Takalmin da ke mutuwa tun yana sheƙi

A ƙasar Tsanyawa, kamar sauran karkarar arewacin Kano, ana auna darajar takalmi da abu biyu: shekara nawa zai yi a ƙafa, kuma in ya samu matsala ko zai gyaru. Manomin Yankamaye ko Dumbulun da ke sayen takalmin roba na shiga gona a farkon damina ya san abin da yake nema, wato wanda ƙaya ba za ta huda ba, wanda zai kai shi kaka, ya kuma shiga rani da shi. In maɗauri ya tsinke ko ƙasan ya ɓamɓare, akwai mai gyaran takalmi a bakin tasha da akwatinsa na katako, da basilla da zare da gwangwanin gam, zai ɗinke shi kana tsaye. Wannan ma'auni tsoho ne a ƙasar Kano. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso birnin a 1851, takalman fata na dukawan Kano suna cikin hajar da ya ga fatake na ɗauka zuwa ƙasashe masu nisa. Mutanen da suka gaji irin wannan sana'a sun san takalmi da ido da hannu: su lanƙwasa shi, su danna shi da babban yatsa, su duba ɗinki, su faɗa maka ko zai jure.

Yanzu ga wani takalmi ya shigo duniya wanda wannan ma'auni ba ya aiki a kansa, kuma ya fara isowa gare mu ta hanya biyu, ta allon waya inda matasa ke kallon zakarun Kenya da Habasha, da ta dilar gwanjo. Kambas ne na gudu mai kaurin ƙasa kamar an yanko katifa, ba shi da nauyi ko kaɗan, sau da yawa bai kai giram 200 ba, kuma a tsakiyar soson ƙasan an binne wani falle mai tauri na zaren kabon, mai lanƙwasa kamar cokali. Abin da nake son tabbatarwa a nan shi ne, ran wannan takalmi gajere ne ƙwarai, yana ƙarewa ne tun samansa na sheƙi, kuma ido ba ya ganin ranar da ya mutu. Saboda haka matashin da ke atisaye a gefen titin Kano zuwa Katsina da asuba, yana burin shiga soja ko cin gasa, shi ne mutum na ƙarshe da ya kamata ya zuba kuɗinsa a kai, sabo ne ko na gwanjo.

Labarin ya faro ne a 2017, lokacin da kamfanin Nike ya fito da Vaporfly 4% a kan dala 250. Lambar da ke jikin sunan ta samo asali daga wani gwaji da Wouter Hoogkamer da abokan aikinsa suka yi a Jami'ar Colorado da ke Boulder a Amurka, inda suka sa ƙwararrun masu gudu 18 a kan na'ura suna auna iskar da suke shaƙa. Sun gano cewa da wannan takalmi mutum na kashe ƙarfin da ya gaza da kusan kashi 4 cikin 100 idan aka kwatanta da fitattun takalman tsere na lokacin. Kamfanin ne ya ɗauki nauyin binciken, shi ya sa da farko aka yi ta tababa, amma gwaje-gwajen da wasu suka yi daga baya sun nuna amfanin gaskiya ne, ko da yake girmansa ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Filin tsere ma ya ba da shaida. Ranar 12 ga Oktoban 2019 Eliud Kipchoge ya gama gudun fanfalaki na kilomita 42.195, kusan nisan Kano zuwa Bichi ke nan, cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Biyena, a wani shiri na musamman da ba a lissafa shi cikin kundin bajinta ba. Washegari Brigid Kosgei ta yi awa 2 da minti 14 da daƙiƙa 4 a Chicago, ta karya tarihin da Paula Radcliffe ta riƙe tun 2003. A ƙarshen Janairun 2020 hukumar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya ta ga dole ta sa iyaka: kaurin ƙasan takalmin tseren titi kada ya wuce milimita 40, kuma falle mai tauri kada ya wuce ɗaya.

Sunan da aka ba takalmin ya sa jama'a na zaton fallen kabon ɗin ne ke cilla mutum gaba kamar ɗanko, kuma tunda kabon abu ne mai ƙarko, sai a ɗauka takalmin ma haka yake. A nan kuskuren yake. Babban sirrin yana cikin soson, wani nau'in roba mai suna PEBA da aka hura wa iska har ya zama dubban ƙananan kumfa. A gwajin Colorado an danna takalman da na'ura aka saki, sai na Vaporfly ya mayar da kashi 87 cikin 100 na ƙarfin da aka danna shi da shi, na Adidas da aka gwada tare da shi ya mayar da kusan 76, tsohon samfurin Nike kuma wajen 65. Aikin fallen shi ne ya riƙe wannan soso mai taushi kada ya watse gefe, ya hana yatsu lanƙwasawa da yawa, ya kuma mirgina ƙafar gaba. Hoogkamer ɗin da Laura Healey sun yi wani gwaji mai sauƙin fahimta bayan 'yan shekaru: suka ɗauki Vaporfly suka yayyanka fallen a wurare shida har taurinsa ya ragu, suka sake auna masu gudu, sai ba a ga wani bambancin a zo a gani ba. Ma'ana, ko da fallen zai shekara goma bai karye ba, tsawon ran takalmin na hannun soson ne.

Soso kuwa yana gajiya. Duk takun mai gudu yana sauke wa ƙafa ɗaya nauyin da ya ninka na jikinsa sau biyu zuwa uku, kuma a kilomita 450, in kowane taku mita ɗaya da rabi ne, kowane warin takalmi ya sha duka sau 150,000. A hankali bangon kumfar nan yana lotsawa, wasu su fashe, soson ya daina komowa yadda yake. Wani rukunin masu bincike ƙarƙashin Víctor Rodrigo-Carranza na Jami'ar Castilla-La Mancha a Sifaniya ya auna wannan kai tsaye. Sun kwatanta takalma iri biyu masu fallen kabon, ɗaya da soson PEBA, ɗaya da tsohon soson EVA irin wanda ke cikin yawancin kambas na kasuwa. Suna sababbi, na PEBA ya fi da kusan kashi 2 cikin 100. Bayan an yi kilomita 450 da kowanne, na PEBA ya yi asarar fiye da kashi 2, na EVA kuwa kusan yana nan yadda yake, har ya zama babu bambanci tsakaninsu. Kilomita 450 ta ɗan ɗara nisan Kano zuwa Abuja kaɗan. Wannan ne ya sa masu horar da 'yan gudu ke ba da shawarar a ajiye irin wannan takalmi don tsere tun kafin ya kai wannan nisa, alhali kambas na atisaye na yau da kullum an saba ba shi kilomita 500 zuwa 800.

Kamfanonin ma ba su ɓoye ba. Ranar 24 ga Satumban 2023 Tigst Assefa ta Habasha ta yi awa 2 da minti 11 da daƙiƙa 53 a Balin, sanye da Adizero Adios Pro Evo 1 na Adidas, mai nauyin giram 138, wanda aka sa wa farashin dala 500. An ƙera shi ne don tsere guda ɗaya da ɗan sabawar da za a yi kafinsa. Don a rage nauyi an cire duk abin da ke sa takalmi ya daɗe: saman kamar tantani, robar ƙasan kamar an shafa fenti. Injiniyoyin sun san abin da suka zaɓa, kuma ga wadda ke neman tarihin duniya da kyautar dubban daloli, zaɓin daidai ne.

Sai mu kawo lissafin gida. A canjin naira 1,500 kan dala ɗaya, wanda aka yi ta yawo a kusa da shi a 2024 da 2025, dala 250 naira 375,000 ce, kafin kuɗin jigila da ribar ɗan kasuwa. Wannan ya haura albashin wata biyar na ƙaramin ma'aikacin jihar Kano da aka yanka wa naira 71,000 a 2024. In aka raba kuɗin da kilomita 450, kowace kilomita ta ci sama da naira 800. Saurayin da ke yin kilomita 10 kowace safiya zai cinye ran takalmin cikin wata ɗaya da rabi, ya ƙone kuɗin da zai sayi buhunan taki ya noma gonar gidansu. Kuma wannan lissafi na shimfiɗaɗɗen titi mai santsi ne. A ƙaramar hukumar Tsanyawa, mai faɗin murabba'in kilomita 492, da gonakin gero da dawa da gyaɗa manne da juna, in ka sauka daga babban titi sai burji da hanyar shanu da rairayi. Ƙasan waɗannan takalma roba ce siririya da aka liƙa a gaba da ɗan gefen dunduniya, sauran duk soso ne tsirara. Tsakuwar burji tana gurzar sa kamar magogi, tsidau da ƙashin yawo suna nutsewa ciki, zafin bazara da ke haura digiri 40 kuma ba ya barin gam ya zauna lafiya. Ga tsayin dunduniya da taushi, waɗanda a kan hanya mai gargada ke sa idon sawu ya riƙa karkacewa.

Babu wanda zai ce matasan Tsanyawa na tururuwar sayen takalmin naira 375,000. Hanyar da yake isowa ita ce gwanjo, kuma a nan ne maganar ta fi shafar mu. Duk wanda ya shiga layin 'yan takalma a kasuwar Ƙofar Wambai ya san yadda ake yi. A ɓalle dila, a ware na ɗaya da na biyu, a wanke da omo da buroshi, a cusa takarda a ciki ya miƙe, a jera a rana. Mai saye ya ɗauka, ya juya ƙasan ya ga ko ya cinye, ya leƙa ciki ya ga ko dunduniya ta huje, ya yi ƙoƙarin lanƙwasa shi. Takalmin kabon yana cin wannan jarrabawa cikin sauƙi: ba ya lanƙwasuwa saboda fallen na nan, saman tsaf saboda mai shi ya sa shi sau goma ko ashirin ne kawai, launinsa na ɗaukar ido. Sai dai ya kamata mu tambayi kanmu dalilin da ya sa wani a Landan ko Boston ya rabu da takalmin dala 250 tun yana sabo a ido. Galibi ya rabu da shi ne don ya ƙirga kilomitocinsa ya ga sun cika. Ɗan kasuwar bai yi ƙarya ba in ya ce asali ne, kuma shi kansa ba shi da hanyar sanin nisan da aka yi da shi. Alama ɗaya da ido ke iya kamawa ita ce tamoji a gefen soson, layuka masu zurfi kamar na goshin tsoho, musamman a ƙarƙashin tudun yatsu, amma wannan soso yakan yi tamoji tun a makon farko, don haka ko ita ba hujja ba ce. Ga kuma na jabu, masu tambari da siffa iri ɗaya, waɗanda a cikinsu soso ne na banza da guntun roba.

Mai ja da wannan magana zai iya cewa binciken Sifaniya bai ce takalmin ya zama shara ba, cewa ya yi ya koma daidai da na EVA, don haka wanda ya same shi da araha bai yi asara ba. Akwai gaskiya a ciki, kuma 'yan gudu da yawa a Turai da Kenya suna mayar da tsohon takalmin tsere na atisaye. Amma sharaɗin shi ne a saye shi a kuɗin kambas na yau da kullum, ba a kuɗin suna ba, kuma a kasuwa suna ake sayarwa. Bayan haka, daidaito a na'urar auna numfashi ba daidaito ba ne a ƙarko. Kambas na atisaye yana da roba mai kauri a ƙasa da yadi mai jure ja, kuma in ya buɗe baki mai gyara zai kama shi da zare. Na kabon in ya fara lalacewa babu inda basilla za ta kama, domin zare yana yanka soson ne ya fice, kuma babu gam ɗin da zai mayar da iska cikin kumfar da ta fashe. Soson kuma ba ya lotsawa daidai wa daida. Yana bin takun mai shi na farko, ta yadda mai shi na biyu zai gaji karkatar ƙafar wani.

Wani kuma zai ce ko kashi 1 ne ai riba ce ga mai neman tsallake gudun tantancewa na shiga soja ko ɗan sanda, inda ake zubar da mutane saboda 'yan daƙiƙoƙi. Wannan buri ne na gaske; matasa da yawa a ƙauyukan Kano ba don lambar zinare suke gudu ba, don su kai ga Daffon sojoji na Zariya ne. Amma amfanin takalmin yana raguwa ne in gudun ya ragu. Dustin Joubert, wani mai bincike a jihar Texas, ya auna Vaporfly a kan masu gudu a hankali, ya samu ribar kashi 1.4 a gudun kilomita 12 cikin awa, da kashi 0.9 a gudun kilomita 10 cikin awa, kuma wasu daga cikin mutanen ma takalmin bai ƙara musu komai ba. Wannan da sabon takalmi ke nan. Ko an ɗauka kashi 1 ɗin ya koma lokaci kai tsaye, a gudun minti 15 daƙiƙa 9 ce. Makonni shida na atisaye mai tsari, da barci, da cin abinci mai gina jiki, suna iya rage wa sabon shiga minti guda ko fiye. Akwai kuma haɗarin da bai kamata a raina ba. A 2023 likita Adam Tenforde da abokan aikinsa sun ba da rahoton 'yan gudu biyar da suka samu tsagewar wani ƙaramin ƙashi na tsakiyar ƙafa bayan amfani da takalman kabon. Mutum biyar ba su isa a yanke hukunci ba, su ma marubutan sun faɗi haka, sai dai sun yi gargaɗin a riƙa sabawa da takalmin sannu a hankali. Irin wannan tsagewa sau da yawa hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna ta da wuri, kuma saurayin da ya same ta a Gurun ko Tatsan wajen mai ɗori za a fara kai shi.

Hujja mafi nauyi ita ce ta masu cewa in ba mu sa wa 'yan wasanmu abin da 'yan Kenya ke sawa ba, har abada a baya za mu tsaya. Tun da aka fara gasar fanfalaki ta Legas a 2016, 'yan asalin gabashin Afirka ne ke lashe babbar kyauta, 'yan gida kuma, waɗanda yawancin fitattunsu daga tsaunukan Filato suke, suna fafatawa ne a rukunin da aka ware musu. Na yarda cewa ɗan wasan da ya kai matakin tsayawa a sahun gaba a Legas ko a tseren kilomita 10 na Okpekpe a jihar Edo bai kamata a tura shi da tsohon kambas ba, kuma hukumar wasanni ta jiha ko ƙungiyar da ke ɗaukar nauyinsa ita ya kamata ta saya masa, a ajiye don ranar tsere, a riƙa rubuta kilomitocin da ya yi a littafi. Amma a duba girman ratar. Bajintar da Abbas Mohammed ya kafa wa Najeriya a 1990 ita ce awa 2 da minti 16 da daƙiƙa 6, shekaru 27 kafin Vaporfly, yayin da marigayi Kelvin Kiptum ya yi awa 2 da daƙiƙa 35 a Chicago a 2023. Tazarar ta haura minti 15, takalmi kuma in ya yi ƙoƙari ya ba ƙwararre minti uku ko huɗu. Ragowar tana cikin abubuwan da garin Iten na Kenya ke da su: gasar makarantu da ba ta yankewa, masu horarwa, sansanoni, da manyan da yara ke gani suna gudu kowace safiya. Abebe Bikila ya ci zinaren Olamfik a Rum a 1960 ba takalmi, cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16, lokacin da har yau ya fi na Abbas. Kuɗin takalmin kabon ƙafa goma zai shirya gasar makarantun sakandare ta Tsanyawa da Bichi da Shanono, ya kai waɗanda suka yi fice filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a auna su da agogo.

Gaskiya ne fasahar ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Kamfanoni suna gwada wasu nau'o'in soso da ake cewa sun fi PEBA jure duka, kuma akwai takalman atisaye masu kauri da ake sa wa roba sosai a ƙasa don su daɗe. Mai yiwuwa nan gaba ratar da ke tsakanin sauri da ƙarko ta ragu. Amma abin da ke cikin dilolin gwanjo a yau samfurin shekaru uku ko biyar da suka wuce ne, kuma ko a sababbin, matsin gasa yana tura injiniya ne zuwa rage giram, ba ƙara watanni ba. Dokar 2020 ta ce takalmin da za a yi gasa da shi dole ya kasance a kasuwa inda kowa zai iya saye, don kada wani ya fi wani da kayan aiki. Kasancewa a kanti a Tokyo ko a shafin intanet bai sa ya zama na kowa ba, muddin farashinsa albashin wata biyar ne kuma ransa makonni shida. Ƙaramin abin da hukumar guje-guje ta duniya za ta iya tilasta wa kamfanoni shi ne su buga adadin kilomitocin da aka gwada soson ya jure a jikin harshen takalmin, kusa da lambar ƙafa, inda ba zai ɓace ba ko an jefar da kwali, ta yadda mai saye na biyu da na uku a Ƙofar Wambai zai ga lambar kafin ya fara ciniki.